Mabuɗin Rumbu a Hannun Wa? Nazarin Dokokin Duba Bayanan Magunguna Masu Haɗari a Amurka

Tsakure

Kowace jiha a Amurka tana da rumbun da ake tara bayanan magungunan da doka ta sa wa takunkumi, kuma kowace jiha da nata ƙa'idojin wanda zai duba. Wannan takarda ta bi diddigin ƙa'idojin daga 1939 zuwa 2024, ta kafa hujja a kan cewa alaƙar jinya ce ya kamata ta zama mabuɗin rumbun. A buɗe wa mai kula da majinyaci ƙofa sosai, har a wajabta masa dubawa, a tsaurara wa wanda ba shi ba, sannan a ɗora wa mai dubawar nauyin abin da ya gani.

Gabatarwa

Duk lokacin da mai harhaɗa magunguna a Amurka ya miƙa wa mutum ƙwayar oksikodon, ko maganin barci, ko na kwantar da fargaba, aikinsa bai ƙare ba sai ya aika rahoto ga hukumar jiharsa. Rahoton yana ɗauke da sunan majinyacin da adireshinsa da ranar haihuwarsa, da sunan maganin da ƙarfinsa da yawan ƙwayoyin, da likitan da ya rubuta da kantin da ya bayar, har da yadda aka biya, inshora ce ko kuɗi hannu. Waɗannan rahotanni ne ke taruwa a rumbun da Amurkawa ke taƙaita sunansa da PDMP, wato tsarin sa ido a kan magungunan da sai da takardar likita ake sayensu. Dokar tarayya ta 1970 ta kasa irin waɗannan magunguna aji biyar gwargwadon haɗarinsu, kuma yawancin jihohi suna tattara bayanan aji na biyu zuwa na huɗu ko na biyar. Babu sunan cuta a cikin rumbun, amma wanda ya iya karatunsa ba ya buƙatar a faɗa masa. Idan ya ga bufrenofin, ya san galibi mutumin yana fafutukar rabuwa da ƙwaya ne. Idan ya ga mofin yana ƙaruwa wata bayan wata, zai yi zargin ciwon daji ya ci jiki. Jerin magungunan mutum tarihin lafiyarsa ne a taƙaice, shi ya sa tambayar wanda zai duba ta fi ta yadda aka gina rumbun nauyi.

Abin da nake son kafawa shi ne, rumbun yana da halacci ne muddin wanda ke buɗe shi yana da hannu a jinyar mutumin da ake dubawa. Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma majinyacin da ya zo neman maganin da zai iya tsayar masa da numfashi yana ranar wankansa ne a gaban likita. Amma karin maganar ta ɗauka cewa akwai katangar da ta kare mai wankan daga idon masu wucewa. Dokokin jihohin Amurka sun yi nisa wajen tilasta wa majinyaci tuɓewa a gaban likitansa, sun kuwa yi sakaci da katangar.

Rumbun da aka gina wa ɗan sanda

Wanda bai san asalin waɗannan rumbuna ba zai ɗauka kayan aikin asibiti ne tun farko. Tarihi ya nuna akasin haka. Jihar Kalifoniya ce ke da tsarin da ya fi kowanne daɗewa yana aiki, tun 1939, kuma har yau yana ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jihar, ba ta lafiya ba. A wancan lokacin likita kan rubuta magani a takarda mai kwafi uku, ya riƙe ɗaya, kantin magani ya riƙe ɗaya, a aika wa hukuma ɗaya. Manufar ita ce kama likitan da ke sayar da sa hannunsa da mutumin da ke yin takardar jabu. Likita kansa ba shi da hanyar sanin abin da abokin aikinsa na wata unguwa ya rubuta wa majinyacin da ke zaune a gabansa.

Jihar Niyok ta kafa irin wannan doka a 1972, ta ƙara da adana sunayen majinyata a kwamfuta. Wasu majinyata da likitoci suka kai ƙara, suna cewa mutane za su guji maganin da suke buƙata don tsoron a yi musu tambarin 'yan ƙwaya. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1977 a shari'ar Whalen da Roe, ta ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Ana yawan kafa hujja da wannan hukunci kamar ya rufe maganar har abada, saboda haka yana da kyau a duba irin rumbun da alƙalan suka amince da shi. Ɗaki ne mai shingen waya da ƙararrawar ɓarayi a birnin Albani. Ma'aikatan lafiya 17 ne ke iya taɓa bayanan, sai masu bincike 24. Bayan shekara biyar ana lalata takardun, kuma wanda ya fallasa suna da gangan yana fuskantar ɗaurin shekara guda da tarar dala 2,000. Duk da haka Mai Shari'a Brennan, wanda ya goyi bayan hukuncin, ya yi kashedin cewa tara bayanai wuri ɗaya a kwamfuta yana ƙara haɗarin a yi amfani da su ta hanyar da ba ta dace ba, kuma wata rana za a iya buƙatar taka wa wannan fasaha birki. Rumbun yau ana shigarsa ta intanet daga kowane asibiti da kantin magani, masu izinin shiga sun kai dubban ɗaruruwa, bayanan kuma suna tsallaka iyakokin jihohi. Amincewar da aka ba ɗaki mai mutum 41 ba za ta isa ta wanke wannan ba sai an sake auna shi.

Dalilin wajabta wa likita dubawa

Annobar magungunan kashe zafin ciwo dangin ofiyom ce ta juya rumbun ya fuskanci asibiti. Kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin kasuwa a 1996, a 2007 kuma aka same shi da laifin yaudarar jama'a game da haɗarin kamuwa da shi. A 2012 takardun irin waɗannan magunguna da aka cika a kantunan Amurka sun haura miliyan 255, wato kimanin takarda 81 ga kowane mutum 100. A jihar Fulorida shagunan ƙwaya masu sunan asibiti suka cika gari, har hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ruwaito cewa a 2010, cikin likitoci 100 da suka fi kowa bayar da oksikodon kai tsaye daga ofisoshinsu a duk ƙasar, 98 suna wannan jiha. A irin wannan yanayi mutum ɗaya kan zagaya likitoci biyar a wata guda, kowane likita yana zaton shi kaɗai ke ba shi.

Da farko jihohi sun ba likitoci izinin dubawa ne kawai, wanda ya ga dama ya yi rajista, wanda bai ga dama ba ya bari. Mafi yawa suka bari. Jihar Kentaki ce ta fara sauya wannan da gaske a 2012, inda ta wajabta rajista da dubawa kafin a rubuta wasu magunguna, kuma tambayoyin da ake aika wa rumbunta suka tashi daga ƙasa da miliyan 1 a 2011 zuwa fiye da miliyan 4 a 2013. Niyok ta bi sahu a watan Agustan 2013, CDC kuma ta ruwaito raguwar kashi 75 cikin 100 na masu zagaya likitoci don magani iri ɗaya a jihar. Kalifoniya ta fara tata tilastawar a Oktoban 2018. Binciken da ya fi gamsar da ni shi ne na Buchmueller da Carey da aka buga a 2018, wanda ya yi amfani da bayanan inshorar gwamnati ta Medicare. Sun gano cewa jihohin da suka wajabta dubawa ne kaɗai suka ga raguwar zagayen likitoci da kantuna, jihohin da suka bar abin ga ra'ayin likita kuwa ba su ga wani sauyi ba. Izinin da ba a amfani da shi bai tsare ran kowa ba, alhali majinyaci ya riga ya biya kuɗinsa da sirrinsa.

Akwai kuma hujjar da ba ta shafi mai zagaye ba sam, kuma a ganina ita ce ta fi ƙarfi. Tsohuwar da likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta wa maganin fargaba irin diyazefam, sannan likitan ƙashi ya rubuta mata oksikodon bayan tiyata, ba ta yaudari kowa ba. Ta manta ne, ko ba ta san cewa haɗa su biyun na iya danne numfashi har mutum ya mutu cikin barci ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan wannan haɗi a 2016. Likitan da ya duba rumbu kafin ya rubuta yana ceton irin wannan tsohuwa ne, kuma irinta sun fi mayaudara yawa nesa ba kusa ba.

Likitoci sun yi ƙorafin cewa dubawar tana cin lokaci, kuma ƙorafinsu gaskiya ne a shekarun farko, lokacin da sai an fita daga fayil ɗin majinyaci, an buɗe wani shafi, an sa kalmar sirri, an rubuta suna. Amsar da ta dace ita ce wadda jihohi suka bi daga baya. Suka halatta wa likita ya naɗa wakili, nas ko wani ma'aikacin asibiti, ya duba a madadinsa, suka kuma haɗa rumbun da fayil ɗin kwamfuta na asibiti. Suka ware yanayin da tilastawa za ta zama cutarwa, kamar majinyatan da ke jinyar ajali da maganin 'yan kwanaki a ɗakin agajin gaggawa. Tun 2011 ƙungiyar hukumomin harhaɗa magunguna ta ƙasa take gudanar da hanyar da jihohi ke musayar bayanai, saboda mazaunin bakin iyaka yana iya ganin likita a wata jiha ya sayi magani a wata. Jihar Oklahoma ta wajabta wa kantuna aika rahoto cikin minti biyar. Duk waɗannan faɗaɗa ƙofa ne ga mai jinya, kuma ina goyon bayansu, da sharaɗi ɗaya game da wakili: ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, ba da ta likita ba, domin a san sawun kowa, likitan da ya naɗa shi kuma ya ɗauki alhakin abin da ya yi.

Suka ta biyu ta fi ƙorafin likitoci nauyi. Masu ita suna cewa tsaurarawar ta kori mutane daga kantin magani zuwa ga dillalin titi, an gudu ba a tsira ba. Alƙaluma ba su ƙaryata su ba. Takardun ofiyom sun sauko zuwa kimanin miliyan 143 a 2020, amma mace-macen shan ƙwaya fiye da ƙima sun kai kusan 108,000 a 2022, kimanin kashi biyu cikin uku daga fentanil na haram da danginsa. Wata bita da Fink da abokan aikinsa suka buga a 2018 ta nuna cewa hujjar da ke akwai ba ta isa a ce rumbunan sun rage mace-mace ba, wasu daga nazarce-nazarcen da suka duba ma sun ga ƙaruwar mutuwa da hiroyin. Buchmueller da Carey su ma ba su ga raguwa a yawan waɗanda guba ta kai asibiti ba. Ba zan rage wa wannan suka ƙarfi ba. Sai dai idan aka bi sawun mutumin da ya ƙare a hannun dillali, za a ga cewa dubawar ba ita ta kai shi can ba. Abin da likita ya yi bayan dubawar ne ya kai shi, wato rufe masa ƙofa. Zan dawo kan wannan, domin a nan ne dokokin suka fi rauni.

Waɗanda ba su da hannu a jinya

A 2013 aka gano ana sace mofin daga motocin ɗaukar marasa lafiya na wata hukumar kashe gobara a yankin birnin Salt Lake na jihar Yuta. Wani ɗan sanda mai bincike ya buɗe rumbun jihar ya duba tarihin magungunan ma'aikatan hukumar su 480, ba tare da takardar izini daga alƙali ba, domin dokar jihar a lokacin ba ta buƙaci haka ba. Dubawar ba ta kama ɓarawon ba. Abin da ta haifar shi ne tuhumar ma'aikata biyu da yaudarar likitoci, tuhumar da daga baya aka janye. Mutanen da ba a zarge su da komai ba aka tona tarihin ciwonsu saboda kawai suna aiki wuri ɗaya da wanda ake nema. Majalisar Yuta ta gyara dokar a 2015, ta wajabta wa 'yan sanda samun izinin alƙali, kuma shigarsu rumbun ta ragu ƙwarai. Wannan raguwa kanta shaida ce cewa yawancin shigar da ake yi a baya ba ta da hujjar da za ta tsaya a gaban alƙali. A shekarar 2013 ɗin dai, a Fulorida, bayanan magungunan mutum kimanin 3,300 suka fita daga hannun masu bincike zuwa ga lauyoyin da ke wasu shari'o'i, alhali mafi yawansu ba su da alaƙa da ƙarar.

Gyaran jiha yana da iyaka, domin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta tarayya, DEA, tana da ikon rubuta sammacinta da kanta ba tare da alƙali ya sa hannu ba. Jihar Origon, wadda dokarta ta buƙaci umarnin kotu, ta ja da ita. Alƙalin tarayya ya yanke a 2014 cewa majinyata suna da haƙƙin sa ran sirri, amma kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2017, tana cewa waɗanda suka kawo wannan hujja ba su da hurumin kawo ta a ƙarar, kuma dokar tarayya ta fi ta jiha. A 2022 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke wa jihar New Hampshire hukunci mai tsauri fiye da haka. Ta ce harkar magunguna harka ce da doka ta daɗe tana sa wa ido, don haka majinyaci ba shi da hujjar sa ran sirri a cikin rumbun. Ban gamsu da wannan tunani ba. Kantin magani ne ya zaɓi shiga sana'ar da ake sa wa ido, ya nemi lasisi yana sane. Mai ciwon daji bai zaɓi komai ba. Zaɓin da ke gabansa shi ne ya sha magani sunansa ya shiga rumbu, ko ya zauna da zafin ciwo. Kotun Ƙoli da kanta ta yanke a 2018, a shari'ar Carpenter, cewa sai da izinin alƙali za a karɓi bayanan inda wayar mutum ta zaga, saboda riƙe waya ya zama larurar rayuwa. Idan waya larura ce, magani ya fi ta.

Masu kare ikon jami'an tsaro suna da amsa mai ma'ana. Suna cewa shagunan ƙwayar Fulorida da irinsu ba wa'azi ne ya rufe su ba, bincike ne, kuma jinkirta mai bincike taimako ne ga likitan da ke kashe mutane da alƙalaminsa. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta karɓi irin wannan hujja a 2017 a shari'ar Lewis, inda ta amince wa hukumar ladabtar da likitoci ta duba bayanan majinyatan likitan da take bincika. Na yarda dole a bincika likitoci. Amma tambayar da mai bincike ke son amsawa game da likita ce: nawa yake rubutawa, ga mutum nawa, daga wace nisa suke zuwa, nawa ne ke biyan kuɗi hannu. Ana iya amsa duk wannan an rufe sunayen majinyata da lambobi. Idan hoton da ya fito ya nuna ɓarna, an sami hujjar da za a kai wa alƙali a nemi sunaye. Likitan da ke rubuta dubban ƙwayoyi a mako ba zai gagari wannan mataki ba. Wanda matakin ke karewa shi ne mutum 480 da ba su yi komai ba.

Jihar Misuri ce ta ƙarshe da ta kafa rumbu na jiha baki ɗaya. An sa hannu a dokarta a 2021, aikin ya fara a ƙarshen 2023, bayan shekaru da dama 'yan majalisa suna ƙi saboda batun sirri. An soki jinkirin, kuma sukar tana da tushe. Amma dokar da ta fito daga wannan dogon jan-in-ja ta keɓe dubawa ga masu jinya da masu harhaɗa magunguna, ta hana miƙa bayanan ga jami'an tsaro, ta iyakance ajiyarsu ga shekara uku. Batun tsawon ajiya ba ƙarami ba ne. A 2009 wani ɗan kutse ya shiga rumbun jihar Bajiniya, ya yi iƙirarin ya kwashe bayanan majinyata miliyan 8, ya nemi fansar dala miliyan 10. Abin da aka riga aka goge ba ya satuwa.

Nauyin da ke kan mai dubawa

Lasisi kaɗai bai isa ya zama mabuɗi ba. Likitan da ya duba tarihin maƙwabcinsa, ko matar da ya saka, ko wanda ke neman aiki a asibitinsa, yana da lasisi amma ba shi da alaƙar jinya, kuma a wannan lokaci matsayinsa ɗaya da na ɗan sandan Yuta. Dokokin jihohi sun haramta wannan, suna kuma tanadar tara ko janye lasisi ko tuhuma. Matsalar ita ce ganowa. Rumbun yana adana sawun duk wanda ya shiga, amma sawu ba ya amfani idan babu mai bi. Wanda ya fi kowa sanin cewa bai taɓa ganin likita wane ba shi ne majinyacin kansa. Saboda haka ya kamata kowace doka ta ba shi haƙƙin ganin abin da aka rubuta a kansa da jerin waɗanda suka duba, cikin sauƙi kuma kyauta, tare da hanyar gyara kuskure mai wa'adi. Kuskure kuwa yana faruwa. Ana haɗa bayanan mutum biyu masu suna da ranar haihuwa iri ɗaya, a wasu jihohi kuma maganin kare ko kyanwa yana shiga ƙarƙashin sunan mai dabbar.

Wannan ya kawo mu ga lambar haɗari. Jihohi da asibitoci da yawa suna amfani da manhajar NarxCare ta kamfanin Bamboo Health, wanda aka sani da Appriss Health kafin 2021. Tana tace tarihin mutum ta fito da lamba daga 000 zuwa 999, bisa yawan likitocin da ya gani da kantunan da ya je da ƙarfin maganin da haɗuwar magunguna. Kamfanin da kansa yana cewa lambar taimako ce ga likita, ba hukunci ba. Amma likitan da ke da minti goma, kuma ya san DEA tana kallon rumbun da yake kallo, lamba mai girma tana iya zame masa hukunci. Masaniyar shari'a Jennifer Oliva ta yi rubutu mai tsawo a kan yadda irin wannan lissafi ke iya cutar da mata da talakawa da masu ciwo mai sarƙaƙiya. Mai ciwon sikila misali ne da ba baƙo ba ne gare mu. Amurkawa kimanin 100,000 ke fama da shi, mafi yawansu baƙar fata. Idan ciwon ya tashi, mai shi yana zuwa asibitin da ya fi kusa, ya ga likitan da ke bakin aiki, ya buƙaci magani mai ƙarfi. A takarda tarihinsa da na mai zagayen likitoci kamar an tsaga kara ne. Tambaya da sauraro ne kaɗai ke raba su.

CDC ta fahimci wannan. Jagoranta na 2016 ya ce kada a kori majinyaci saboda abin da aka gani a rumbu. Na 2022 ya maimaita, ya ƙara da cewa ba a tabbatar da ingancin lambobin haɗari ba, kuma kada su maye gurbin hankalin likita. FDA ta yi gargaɗi a 2019 cewa yanke wa mutum ofiyom farat ɗaya yana jawo azabar janyewa da zafin ciwo marar misali, har da kashe kai. Sai dai jagora shawara ce, wajabcin dubawa kuwa doka ce mai hukunci. Likitan da bai duba ba zai iya rasa lasisinsa, wanda ya duba ya kori majinyaci ba tare da ya yi masa magana ba kuwa da wuya wani abu ya same shi. Dokar da aka gina haka tana koya wa likita ya kare kansa. Ya kamata dokar da ta wajabta dubawa ta wajabta abin da zai biyo baya: a nuna wa majinyaci abin da aka gani, a ji ta bakinsa, idan ya kamu a ba shi bufrenofin ko a haɗa shi da mai ba shi, a ba shi naloksin mai farfaɗo da wanda ya sha fiye da ƙima, idan za a rage magani a rage a hankali. Wannan ita ce amsata ga sukar hiroyin da fentanil.

A nan ne ɓangarorin hujjar biyu suke haɗuwa. Cibiyoyin da ke ba masu neman barin ƙwaya maganin metadon suna ƙarƙashin wata dokar sirri ta tarayya mai tsauri, an kuwa yi ta ne don kada tsoron ɗan sanda ya hana mutum neman magani. Sakamakon haka likitan gaggawa kan duba rumbu bai ga metadon ba, alhali shi ne ya fi buƙatar sani. A 2020 aka sassauta ƙa'idar, aka ce cibiyoyin za su iya aika bayanan idan majinyaci ya amince. Amma mai hankali ba zai amince sunansa ya shiga rumbun da sammaci marar sa hannun alƙali ke buɗewa ba. Ƙofar da aka bar wa jami'in tsaro ita ce ke hana likita ganin abin da zai ceci rai.

Mu da muke Nijeriya za mu iya zaton maganar ta yi mana nisa, kuma ta wata fuska haka ne. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na amfani da irin su tiramadol ba bisa umarnin likita ba, a shekarar ce kuma gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Mafi yawan waɗannan ƙwayoyi ba sa bi ta takardar likita, don haka rumbu irin na Amurka ba zai gan su ba. Amma asibitocinmu suna komawa kwamfuta, kuma dokar lafiya ta 2014 da dokar kare bayanai ta 2023 za su fuskanci wannan tambaya ta wanda zai duba. Rubuta ƙa'idar mabuɗi kafin rumbu ya cika ya fi sauƙi.

Abin da ke ƙara wa maganar gaggawa a Amurka shi ne rumbun yana ƙara faɗi. Tun Janairun 2018 jihar Nebraska take tattara bayanan duk maganin da aka bayar da takardar likita, ko yana sa maye ko ba ya sa. Daga 1 ga Oktoban 2024 jihar Luwiziyana ta sa mifefiriston da misofurostol a aji na huɗu, duk da cewa ba a kamuwa da su. Dalilin majalisar batun zubar da ciki ne, kuma mutane sun sha bamban a kansa. Amma misofurostol shi ne maganin da ake tsayar da zubar jini bayan haihuwa da shi, shi ake ba matar da ta yi ɓari don mahaifarta ta wanke. Ɗaruruwan likitocin jihar sun rubuta wa majalisa suna roƙon kada a yi, aka yi. Yanzu matar da ta yi ɓari ta karɓi maganinta a kanti a Luwiziyana, sunanta da ranar da sunan likitanta suna shiga rumbun da aka faɗaɗa don oksikodon, kuma ƙa'idojin wanda zai duba su ne waɗanda aka rubuta tun kafin kowa ya yi tunanin za ta shiga ciki.